Muna Adashen Salla, Ba Ma Adashen Ciwo

A unguwarmu babu abin da ba a yi wa adashe. Akwai na kayan salla, wanda mata ke fara zubinsa tun watan Rajab. Akwai na ragon layya, akwai na lefe da samari ke yi a shagon aski, akwai na kayan ɗaki da uwa ke buɗewa tun 'yarta tana aji biyu a sakandare. 'Yan adaidaita sahu suna da nasu na kullum, masu shayi suna da na mako. Ko ankon bikin da ba a sa ranarsa ba, sai ka ji an fara tara masa kuɗi. Abu ɗaya ne ba mu yarda mu ajiye wa ko sisi kafin ya zo ba, shi ne ciwo. Ka gwada ce wa uwar adashe a buɗe layin kuɗin asibiti, za ta dube ka ta ce, "Haba ɗan nan, wane irin fata ne wannan? Allah ya raba mu da ciwo." Kowa ya ce amin, magana ta mutu a nan.

Shi kuwa ciwo ba ya fasa zuwa don an ƙi ambatonsa. Da damina ta yi nisa, kwatoci suka cika, da wuya ka shiga gida uku a jere ba ka tarar da yaro kwance ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha faɗa cewa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke, kuma mu da ke kwana da sauron ba ma bukatar wani ya lissafa mana.

Ga yadda muke yi, kowa ya san haka ne. Yaro ya kwana da zafin jiki, sai a ba shi farasitamol, a dafa ganyen darbejiya da na mangwaro a yi masa sirace. Kwana biyu zazzaɓi bai sauka ba, sai a tura yayansa kemis da ɗari biyar a hannu, a ce ya ce a haɗo na zazzaɓi da ciwon kai. Ɗan kemis bai ga mara lafiya ba, bai san shekarunsa ba balle nauyinsa. Zai ɗauko almakashi ya yanko ƙwaya biyu daga wannan kati, uku daga wancan, ya zuba a 'yar farar leda, ya ja layi da biro a bayanta, ɗaya safe, ɗaya rana, ɗaya dare. Maganin maleriya da ya kamata a sha kwana uku cur, sai a sayi na kwana ɗaya daidai kuɗin hannu, da niyyar gobe a ƙaro. Gobe jiki ya ɗan yi sanyi, an manta. Ban ɗora wa ɗan kemis laifin duka ba, domin shi ne ke buɗe taga ƙarfe ɗayan dare, shi ne ke rubuta bashi a littafi ba tare da ya nemi jingina ba. Amma sau nawa muka ga ƙarshen wannan hanya? Kwana na biyar yaro ya fara jijjiga, idonsa ya yi fari, a nemi mai adaidaita a guje sai asibiti, likita ya ce jini ya yi ƙasa, sai an yi ƙari. Abin da gwaji da maganin kwana uku za su kashe tun ranar farko ya koma kuɗin gado da ledar jini da allurai.

Daga nan sai a shiga saye da sayarwa. Akuyar uwar yaro ce ke fara tafiya, sai 'yan kunnenta, wani lokaci har keken ɗinkin da take samun na sabulu da shi. In abin ya gagara, sai a kai wa liman. Bayan an sallame Magariba za ka ji ya ce, "Jama'a, a ɗan dakata, akwai ɗan'uwanmu da ke da majinyaci." A cire hula a zagaya sahu, mai ɗari biyu ya sa, mai dubu ya sa, Alhajin da ke da shago a Kantin Kwari ya kira uban yaro gefe ya danƙa masa abin da ya sawwaƙa. Wannan hali namu ne, ina alfahari da shi, kuma ina roƙon Allah kada ya cire mana shi. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya, hular nan ta fi cika wa wanda aka san fuskarsa a sahun gaba. Baƙon da ya kama haya wata uku da suka wuce ba ya samun abin da haifaffen unguwa ke samu. Bazawarar da ba ta da namijin da zai kai maganarta masallaci, sau da yawa ba a ma jin labarinta sai an fito da gawa. Akwai kuma magidanci mai kunya da zai gwammace ya sayar da babur ɗinsa da a ambaci sunansa a lasifika. Alƙaluma sun nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun mara lafiya da danginsa yake fitowa kai tsaye, kuma akuyar nan da hular nan su ne cikin alƙaluman.

Maganar ta taso a majalisarmu ne bayan ma'aikata sun zo asibitin sha-ka-tafi na mazaɓa suna rajistar taimakekeniyar lafiya. Telan da ke bakin layi shi ya fara. Ya ce, "Ni fa na taɓa yi. Na biya na shekara guda cif, ko ciwon kai ban yi ba. Shekara ta zagayo aka ce in sake biya. Na ce to ina na bara? Aka ce ya tafi. Adashe in ka zuba kana kwasa, wannan kuwa zubi ne babu ɗauka." Mutane da yawa suka gyaɗa kai, domin abin da ke zuciyarsu ya faɗa.

Wani dattijo, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya, ya ce masa, "Malam, ka gode wa Allah da ba ka kwasa ba. Wanda ya kwashi naka yana can an farke masa ciki. Da hular masallaci ta zo gabanka ai kana sawa, ka taɓa cewa a dawo maka da ita don kai ba ka kwanta ba?" Tela ya ce, "Baba, wancan sadaka ce, na san ladana yana wurin Allah, kuma na ga wanda aka ba. Wannan kuwa ban san hannun da ya shiga ba." A ganina nan ne gizo ke saƙar. Ba rowa ce ke hana mu ba, rashin yarda ne da ofis, kuma ba a banza muka koye shi ba.

Alhajin Kantin Kwari ya kawo labarin ɗansa da ke aikin jinya a Ingila. Ya ce su a can ganin likita da tiyata gwamnati ce ke ɗauka tun da aka kafa hukumar lafiyarsu ta ƙasa a 1948, amma yawancin manya su ke biyan kuɗin likitan haƙori da na tabarau. Don haka akwai kamfanonin da ake zuba wa 'yan fam-fam duk wata. Ka je ka gyara haƙori ko ka auna ido, ka biya daga aljihunka, ka ɗauki hoton rasit ka tura, su mayar maka da kuɗin duka ko wani kaso, har zuwa iyakar da aka yanka maka a shekara. Abin ma tsoho ne a wurinsu. Tun 1873 aka kafa wata gidauniya a Landan mai suna Hospital Saturday Fund, inda a wancan zamani leburori ke cire 'yan kwabbai ranar Asabar, ranar da ake biyan su lada, don a kula da su in sun kwanta. Lissafin irin wannan tsari ba shi da wuya. Ka tara abin da za ka zuba a wata goma sha biyu, ka tara abin da ka san za ka karɓo. In kana sa tabarau, kana zuwa wurin likitan haƙori a kai a kai, kuma ba ka kasalar tura rasit, za ka fita. In wurin aikinka ne ke biya maka, babu abin da ka rasa. In kuwa kai ne mai jefa rasit a kwandon shara, kyauta kake yi wa kamfani.

Da ya gama, wani ɗan adaidaita ya ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan na masu shi ne. In ina da kuɗin da zan fara biya, me ya kai ni jiran a mayar min?" Ya yi gaskiya. Matsalarmu ba ta rasit ba ce, ta kuɗin hannu ce a daren da ciwo ya buga ƙofa. Tsarin da zai amfane mu shi ne wanda za ka miƙa kati a duba ka ba tare da an ce ka je wurin kashiya tukuna ba, kuma a takarda irinsa ne muke da shi.

An yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa tun 1999, aka fara aiki da ita a 2005 zamanin Obasanjo, amma shekaru da dama kusan ma'aikatan gwamnatin tarayya ne kaɗai suka san daɗinta. A watan Mayun 2022 Buhari ya sa hannu kan sabuwar doka da ta kafa hukumar NHIA, ta kuma ce shiga wajibi ne ga kowa. Jihohi ma sun kafa nasu. Kano ta yi dokar KSCHMA a 2016, Kaduna tana da KADCHMA, haka Katsina da Jigawa da Sakkwato da sauran jihohin Arewa, kowace da tata hukumar. Ma'aikaci ana cire masa daga albashi, mai sana'ar hannu kuwa shi ke kai kuɗinsa na shekara. A 2020 hukumar ta ƙasa ta buɗe wani tsari mai suna GIFSHIP don wanda ba ya aikin gwamnati, aka fara da naira 15,000 kan kowane mutum a shekara, daga baya aka ƙara. Ka zaɓi asibiti, a ba ka kati ko lamba, ranar da ka je a duba ka, a yi maka gwajin da ke cikin tsari, a tsarin tarayya ka biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani kawai.

A takarda ke nan. A ƙasa kuwa, duk wanda ya riƙe katin yana da labari. Wani masinja a majalisar ya ce ya kai matarsa asibitin da suka zaɓa tun bayan Asuba, ba su ga likita ba sai wajen Azahar, aka rubuta magani huɗu, a taga aka ba su biyu masu araha, aka ce sauran biyun babu, a nema a waje. Wani ya ce an tura shi babban asibiti, ya yi kwana biyu yana jiran lambar izini daga kamfanin da ke tsakanin hukumar inshora da asibiti. Akwai mai cewa da ma'aikaciya ta ga kati a hannunsa sai fuskarta ta canja, mai tsabar kuɗi da ya zo bayansa ya riga shi shiga. Ba ƙarya suke yi ba, kuma abin yana da dalili. A tsarin tarayya, ana biyan asibiti wani ƙayyadadden kuɗi duk wata kan kowane mutum da ya zaɓe shi, ko ya zo ko bai zo ba. Kuɗin nan ya tsaya a naira 750 fiye da shekara goma, sai a 2024 da 2025 aka ɗaga shi. A tsakanin nan an cire tallafin mai a watan Mayun 2023, naira ta faɗi, kamfanin magunguna na GSK ya sanar da tattara komatsansa daga Nijeriya a watan Agustan shekarar, masu asma suka ga kuɗin abin shaƙarsu ya ninka sau da yawa. Asibitin da ake ba 750 ba zai iya ba ka maganin dubu goma yana murmushi ba. Wannan bai wanke wanda ke wulaƙanta mai kati ba, amma ya nuna cewa in ana son tagar magani ta cika, sai kuɗin da ke shiga ya yi daidai da kasuwa, kuma ya isa kan lokaci. Masu zuwa Maraɗi fatauci sun san haka. Nijar ta ce kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne tun 2006, mutane suka yi murna, amma jinkirin gwamnati wajen mayar wa asibitoci kuɗinsu ya sha barin kantocin magani wayam.

Akwai wata matsala da ta shafi irin gidajenmu. Tsarin ma'aikatan tarayya mutum shida ya sani, wato ma'aikaci da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu da ba su kai shekara 18 ba. Saura sai an biya musu daban. To magidanci mai mata uku da 'ya'ya goma sha huɗu, ga mahaifiya a ɗakin zaure, ga marayun ƙaninsa, sunan wa zai rubuta? In ya sa uwargida, amarya ta ji labari, an shiga uku. Na san gidan da maigida ya ƙi yin rajistar gaba ɗaya don gudun wannan fitina. Ko ga mai biya da kansa, kuɗin kai ɗaya ba ya da nauyi, amma ka ninka shi sau ashirin ka gani, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Duk wanda ya tsara abin nan bai zauna a tsakar gidan Bahaushe ya ƙirga kwanukan tuwo ba.

Batun halasci ma ya taso, kamar kullum. Liman ya ce abin da malamai suka yi magana a kai shi ne cinikin da ake sayen abin da ba a san tabbas ɗinsa ba, da kuma juya kuɗi a kan ruwa. Amma jama'a su tara dukiya da niyyar wanda ya shiga matsi a cikinsu ya ɗiba, wannan taimakon juna ne, kuma ya tuna mana da mutanen Ash'ari da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yaba musu saboda in abinci ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannunsu su raba daidai. A kan haka aka gina takaful, kuma yau akwai kamfanoninsa masu lasisi a ƙasar nan, irin su Jaiz da Noor. Tela ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ke nan in na gyara niyya, na barar ma bai faɗi ba?" Liman ya ce bai faɗi ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba a majalisa na ji shi ba, daga bakin yayata na ji. Ta ce, "Ku maza kuna lissafin riba da faɗuwa ne don ba ku ne ke zaune da yaro a cinya yana numfashi sama-sama ba. Maigida ya fita kasuwa tun safe, ya bar kuɗin cefane daidai wa daida. Ka kira shi ya ce a jira ya dawo. Ya dawo bayan Isha'i ya ce a bari sai da safe. In da kati a jakata, izini kawai zan nema a waya, da kuɗin mota." Ta ce matan da ke da kati a layinsu ba sa tsallake awo, ba sa jiran naƙuda ta yi kwana biyu kafin a tafi asibiti, domin tsoron kuɗin tiyata ba ya riƙe ƙafar kowa. Wannan riba ce da ba ta fitowa a lissafin tela. Ko da an ce maganin babu a taga, an dai ga likita ranar farko, an yi gwaji, an san ko maleriya ce ko ba ita ba, maimakon a yi ta ɗirka wa yaro haɗin maleriya da taifot a makance.

Saboda haka in aka tambaye ni ko abin ya cancanci kuɗinsa, ba amsa ɗaya zan ba kowa ba. Saurayi lafiyayye da ciwonsa bai wuce mura sau biyu a shekara ba, in don ƙananan kuɗin kemis ne zai shiga, ba zai mayar da abin da ya zuba ba, sai dai ya ɗauke shi a matsayin kariya daga haɗarin babur ko tiyatar gaggawa. Amma gidan da ke da mace mai ciki, ko yara ƙanana, ko mai sikila, ko dattijo mai hawan jini ko ciwon suga da ke shan magani kullum har ƙarshen rai, wannan gida in bai shiga ba yana biyan fiye da haka a kemis da kaɗan-kaɗan, bai dai taɓa tarawa ya gani ba ne. Wanda kuɗinsa bai isa kowa ba, ya fara da waɗannan, ya kuma tara iyalinsa ya gaya musu dalili don kada a ɗauka fifiko ne. Kada kuma wani ya zaci kati ya ɗauke komai. Manyan cututtuka irin su daji da wankin ƙoda na dogon lokaci, tsare-tsaren nan wani ɓangare kawai suke ɗauka, wasu ma ba sa taɓawa. Hular masallaci tana da sauran aiki.

'Yan'uwanmu na zangon Kumasi da Nima sun riga mu a wannan hanya. Ghana ta yi dokarta a 2003, ta ɗora harajin kashi 2.5 cikin 100 a kan kayan saye don ciyar da asusun, kuma yau mutum yana sabunta katinsa ta wayar hannu. Su ma suna kukan ƙarancin magani, amma riƙe kati ya zama abin yau da kullum a wurinsu, ba abin ma'aikata kaɗai ba.

Roƙona ga mai unguwa da liman da ƙungiyar matasa shi ne su shigo cikin maganar nan. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko, kuma daga ciki ake yi wa marasa ƙarfi rajista kyauta ta hannun hukumomin jihohi. A je asibitin mazaɓa a tambaya, a kai sunayen zawarawa da marayu da tsofaffin da ba su da kowa, kada guraben su ƙare a hannun 'yan'uwan masu rubutawa. Abin da ake tarawa a masallaci ma, babu laifi a ware wani abu a biya wa gida biyu ko uku kuɗin shekara tun suna kan ƙafafunsu.

Kai kuma da za ka biya da guminka, kada ka zaɓi asibiti don girman gininsa. Ka tambayi maƙwabcin da ke zuwa can ko ana samun magani a tagarsu, ko suna karɓar mai kati da dare, ka sa a karanta maka abin da tsarin ya ɗauka da wanda bai ɗauka ba kafin ka miƙa kuɗi, ka karɓi rasit, ka riƙe lambar da ake kai ƙara. Kuma ka yi tun kowa yana lafiya, domin katin ba ya fara aiki ranar da aka biya, akwai kwanakin jira kafin sunanka ya isa asibitin da ka zaɓa.